Yadda ake maganin danƙo a ganyen ƙaramin wardi na tukunya

Idan ka taɓa ganyen wardinka ka ji yana maƙale maka a yatsa, kada ka fara da zuwa kasuwa neman magani. Darɓa ce, kuma ƙwari ne ke kawo ta: suna tsotsar ruwan jikin shukar, su fitar da ragowar mai zaƙi a kan ganye. Baƙin da ke biyo baya fumfuna ce da ke tsirowa a kan zaƙin. Ba ta cin ganyen, rana kawai take tare masa. Saboda haka aikin farko shi ne gano wanda ke yin ɓarnar.

Juya ganyen ka duba bayansa, ka duba sabon toho da wuyan furen da bai buɗe ba. Ƙananan ƙwari kore ko baƙaƙe da suka yi cincirindo a kan toho, kwarkwatar ganye ce, kuma a wardi yawanci ita ce. In ka girgiza reshe wasu farare suka tashi, farin ƙuda ne. In ka ga fari-fari kamar auduga a mahaɗar ganye da reshe, ko ƴan ƙuraje masu ruwan ƙasa da farce ke ɓanɓarewa, su ma masu tsotsa ne. Tururuwa na hawa da sauka a jikin tukunya? Zaƙin take bi, har gadin ƙwarin take yi.

Wani lokaci ka duba ko'ina ba ka ga komai ba. To ɗaga kai. A Yamai kowa inuwar mangwaro ko lemu yake nema wa tukunyarsa, kuma in itacen na da ƙwari, darɓar daga sama take ɗigowa. Janye tukunyar, ka wanke ganyen, magana ta ƙare. Shi kuwa jan gizo, wani ɗan mitsitsin ƙwaro da ke addabar wardi da hunturu da bazara, ba ya kawo danƙo. Alamarsa ɗigo-ɗigo rawaya da siririyar saƙa a bayan ganye.

Da ka gano su, ware tukunyar daga sauran, ka yanke tohon da ya fi lalacewa ka jefa can nesa. Sannan ka karkata tukunyar ka fesa ruwa da ɗan ƙarfi daga ƙasa zuwa sama. Ruwa zalla yana kakkaɓe yawancin kwarkwatar.

Wajen sabulu ne nake ganin sababbin shiga suna kashe shukarsu da hannunsu. Sun ji an ce ruwan sabulu, sai su ɗebo garin wanki su kaɗa har kumfa ya cika bokiti, su fesa da tsakar rana. Kwana biyu ganye ya ƙone ya zube, su ce ƙwari ne suka gama da shi. Garin wanki da na wanke-wanke mai ƙarfi suna cire maiƙon da ke kare fatar ganye, kuma ganyen ƙaramin wardi siriri ne ƙwarai. Ni sabulun salo kaɗai na yarda da shi. Narkar da cokalin shayi guda a lita 1 na ruwa, ka tace don kada ya toshe bakin abin feshi. In kana ganin ya yi tsarara, bar shi haka, kada ka ƙara. Gwada a reshe ɗaya tukuna ka jira kwana guda. Lokacin feshi bayan la'asar sakaliya ne, in rana ta yi sanyi. A watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, sai dab da magariba. Ba a fesa wa shukar da ke jin ƙishi, a ba ta ruwa tun da safe. Sabulu sai ya taɓa jikin ƙwaron yake kashe shi, in ya bushe ya gama aiki, shi ya sa bayan ganye ne wurin da za ka jiƙa sharaf. Da safe kafin rana ta ɗaga, ɗauraye da ruwa mai tsabta.

Sau ɗaya ba ya isa. Kwarkwatar ganye haihuwa take yi ba tare da namiji ba, ƴaƴan kuma cikin kusan mako guda su ma sun fara. Maimaita bayan kwana 5 zuwa 7, har sau uku.

In sun yi taurin kai, ga dogon yaro nan kyauta a bakin kowace hanya. Daka busassun ƙwayoyin ƴaƴansa, wajen giram 50 a lita 1, jiƙa su kwana, tace, ka fesa da yamma ranar nan. Ba a ajiye shi. Masu fari-fari da masu ƙuraje kuwa, dangwala auduga a alkol na famasi ka goge su ɗaya-ɗaya, shukar ai ƙarama ce. Piya-piya kam kada ya shigo tsakar gidan da yara ke wasa saboda tukunyar fure guda.

Sauran mai sauƙi ne. Goge baƙin da jiƙaƙƙen tsumma, ɗora tukunyar a kan bulo cikin faranti mai ruwa don tare tururuwa, gindinta kada ya taɓa ruwan. Rage takin ure, don toho mai laushi shi ke kiran ƙwarin. In za ka sayi sabuwa wurin masu furanni na bakin kogi, juya ganyenta a gaban mai sayarwa kafin ka biya, kuma ta yi mako biyu ita kaɗai kafin ta shiga cikin sauran.