Zaɓen Zaren Ɗinki Bayan Cire Haƙorin Kare ko Kyanwa

Bakin dabba wuri ne mai wuyar sha'ani ga zare. Kullum a jiƙe yake da yawu, cike yake da ƙwayoyin cuta, harshe kuma ba ya hutawa: da zarar kare ya farfaɗo daga maganin barci zai shiga lasar wurin yana neman ƙulli. Sauƙin abin shi ne naman baki yana samun jini sosai, don haka yana saurin warkewa. Dasashin da aka ɗinke da kyau yakan haɗe cikin kwana 10 zuwa 14. Abin da ake nema ke nan: zaren da zai riƙe na mako biyu, sannan ya tafi da kansa. Kare ba zai buɗe baki a kwance masa ɗinki ba, balle kyanwa. Sai an sake sa su barci, da kuɗinsa da haɗarinsa. Shi ya sa nailan da siliki, waɗanda ba sa narkewa, ba su da gurbi a yawancin aikin baki.

Cikin masu narkewa, a fara duba saƙar zaren. Akwai mai sili ɗaya, sumul kamar gashin wutsiyar doki, akwai kuma mai tufka, wanda aka kitsa daga ƙananan silaye. Mai tufka yana da daɗin riƙo a hannu, ƙullinsa ba ya zamewa, amma a baki aikin lagwani yake yi: yana zuƙo yawu da ƙwayoyin cuta ya kai su cikin rauni, guntun abinci da gashi kuma suna maƙalewa a jikinsa. Bayan 'yan kwanaki za a ga kowane ƙulli ya yi dauɗa fari-fari, naman da ke kewaye da shi ya yi ja. Vicryl na yau da kullum irin wannan ne. Yana riƙe kusan kashi 75 cikin 100 na ƙarfinsa har mako biyu, ba ya gama narkewa sai kwana 56 zuwa 70, wato yana zama a baki bayan aikinsa ya ƙare. Ɗan'uwansa Vicryl Rapide yana rasa rabin ƙarfinsa a kwana 5, ya rasa duka wajen kwana 14. Ya fi dacewa da baki ta wannan fuska, sai dai shi ma mai tufka ne.

Monocryl shi ne wanda likitocin haƙoran dabbobi da yawa suka fi ɗauka, kuma da hujja. Sili ɗaya ne, yana ratsa nama ba tare da karce shi ba, kumburin da yake jawowa kaɗan ne. Wanda ba a rina ba yana riƙe kashi 50 zuwa 60 na ƙarfinsa a kwana 7, ya sauka zuwa 20 ko 30 a kwana 14, daidai lokacin da dasashi ya kama kansa. Aibinsa santsi: ƙulli biyu ko uku za su kwance a yawu. A yi ƙullin farko mai zagaye biyu, a ɗora aƙalla uku a kansa, kowanne a kwance daidai, a bar jela kamar milimita 2 zuwa 3. Idan an yanke jelar ƙut da ƙulli, zai warware. Idan ta yi tsawo, harshe zai same ta.

Katgot mai kuromiyam, wanda ake yi da hanjin tumaki ko na shanu, har yanzu yana aiki, kuma ya fi araha. Jiki ne ke cinye shi, shi ya sa ba a iya sanin ranar da zai saki. A bakin da ke da ruɓa yakan tafi da wuri, wani lokaci kafin mako ya cika, kuma ya fi zaren roba, irin su Vicryl da Monocryl, tayar da kumburi. Ga ƙaramin haƙori mai saiwa ɗaya a lafiyayyen dasashi, ya wadatar. Ga babban yankin dasashi da aka ɗago don rufe ramin da aka cire fiƙa, kada a dogara da shi.

PDS kuwa, wani zaren roba mai sili ɗaya da ke narkewa a hankali, ƙarfinsa ya wuce bukatar cire haƙori. Yana ɗaukar wajen wata shida kafin ya narke, yana da tauri, jelarsa na sukar harshe da leɓe. Wasu likitoci suna ajiye shi don gyaran tsagaggiyar ganɗa, inda warkewa ke jan lokaci.

Kauri da allura

Da lamba ake nuna kaurin zare, kamar 4-0 (sifiri huɗu) ko 5-0 (sifiri biyar): yawan sifiri, sirantar zare. Kare matsakaici ko babba, 4-0; kyanwa da ƙaramin kare, 5-0. A lura katgot ya fi na roba kauri ko da lambarsu ɗaya ce. Zare mai kauri kamar 2-0 ba ya ƙara wa ɗinkin baki ƙarfi, ramin da yake hudawa ne kawai ke girma.

Allura ta zama wadda aka haɗa da zaren tun daga kamfani. Mai kafa tana jan zare ninki biyu ta cikin nama, dasashin kyanwa kuma ba ya jure wannan. Lanƙwasar kashi 3 cikin 8 na da'ira ta isa yawancin wurare. Can ƙuryar baki, bayan turamen haƙora, rabin da'ira ta fi juyawa. Dasashin kare yana da tauri, yana son allura mai kaifi a bayan lanƙwasa, irin mai lamba P-3 ko FS-2, domin kaifin yana kallon nesa da bakin rauni, zare ba zai tsaga ya fita ba. Kyanwar da bakinta ya kumbura ya yi ja, namanta na yagewa kamar jiƙaƙƙiyar takarda, sai allura mai tsini marar kaifi a gefe, irin RB-1.

Inda ɗinki ke lalacewa

Mafi yawan ɗinkin da ke buɗewa ba laifin zare ba ne, ja ne. Misali mafi bayyana shi ne fiƙar sama. Saiwarta doguwa ce, tsakaninta da kogon hanci ɗan siririn ƙashi ne, idan ɗinkin ya buɗe sai a sami kafa tsakanin baki da hanci, kare ya riƙa atishawa, ruwa da abinci na fitowa ta hanci. Kafin a sa allura, a juya yankin naman da aka ɗago, a tsaga siririn tantanin da ke manne a cikinsa daga tushe, har naman ya saki. Gwajin mai sauƙi ne: a kama shi da hantsaki a shimfiɗa kan ramin, sannan a sake shi. In ya zauna, a ɗinke. In ya ja baya, a ƙara sakinsa. A goge kaifin ƙashin da ke bakin ramin, a kankare gefen naman da za a haɗa ya zama sabo, layin ɗinkin kuma ya hau kan ƙashi, kada ya rataya a kan rami.

A yi ɗinki ɗaiɗai, tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakani, haka kuma daga bakin rauni. In ɗaya ya kwance sauran na nan. Ƙulli ya koma gefe, kada ya zauna kan tsagar. A ja har gefuna su taɓa juna kawai. Naman da ya yi fari ƙarƙashin zare an shaƙe shi ne, zai mutu zaren ya faɗo.

Ajiya ma tana da nata. Danshi ne ke narkar da Monocryl da Vicryl, zafi kuma yana hanzarta shi, don haka kwalin da ya kwana a mota a watan Afrilu, ko fakitin da ya huje da damina, ba abin amincewa ba ne. Abin da ya rage a fakitin da aka buɗe a zubar da shi.

Mai dabba ya ba ta abinci mai laushi na kwana 14, ba ƙashi, ba abin wasa mai tauri, kada kuma ya riƙa ɗaga leɓe yana leƙe. In tana kai ƙafa baki, a sa mata mazugin wuya, wanda zai hana ƙafar kaiwa bakin. A dawo da ita bayan mako biyu. Idan an tarar ɗinkin fiƙar sama ya buɗe, kada a yi gaggawar sake ɗinkewa a kan kumburarren nama. A jira 'yan makonni ya lafa, sannan a ɗago yanki mafi faɗi fiye da na farko.