Yadda Ake Ɗaukar Furen Wardi Hoto Ba Tare da Launinsa Ya Ɓaci Ba

Furen wardi, musamman ja, yana cikin abubuwan da suka fi ba mai ɗaukar hoto wahala, domin abin da ido yake gani a jikinsa ba kasafai kyamara take iya riƙewa ba. Mutum zai tsaya gaban fure mai ganye ninki bisa ninki, ya danna, sai hoton ya fito da dunƙulen ja guda ɗaya, babu layi babu inuwa a cikinsa. Dalilin yana cikin na'urar da ke karɓar haske. A yawancin kyamarori da wayoyi, rabin ƙwayoyinta kore suke karɓa, kashi ɗaya cikin huɗu ja, ragowar kuma shuɗi, sannan ma'aunin haske ya fi ba kore muhimmanci. Saboda haka jan yakan cika ya tumbatsa alhali kyamara tana ɗauka komai daidai yake.

Magani na farko shi ne a rage hasken da hannu. A kyamara, a saukar da ma'aunin ƙara haske ko rage shi zuwa -0.7 ko -1. A waya kuwa, a taɓa tsakiyar furen a kan allo, sannan a ja alamar haske ƙasa har sai ninkin ganyen ya bayyana ɗaya bayan ɗaya. Hoton zai ɗan yi duhu, kuma hakan ba laifi ba ne, domin duhu yana gyaruwa daga baya, amma jan da ya riga ya ƙone ba ya dawowa. Wanda na'urarsa take ɗauka a tsarin RAW, wato tsarin ajiye hoto da yake riƙe ɗanyen bayanin da kyamara ta karɓa domin gyara daga baya, ya yi amfani da shi maimakon JPEG da aka saba. Farin wardi shi kuma akasin haka yake, kyamara takan mayar da shi ruwan toka, don haka ana ƙara masa haske kaɗan.

Lokacin ɗauka ya fi tsadar kyamara tasiri, a ganina. Rana tsaka tana sa ganyen ƙyalli, tana kuma jefa baƙar inuwa cikin zuciyar furen. Abin da ya fi dacewa shi ne sassafe kafin hantsi, lokacin da raɓa ba ta bushe ba kuma iska ba ta taso ba, ko kuwa ranar da gajimare ya rufe sama. A Jos, inda sanyin tsauni yake ba wardi damar yin kyau, safiyar damina tana ba da irin wannan haske. Hazon hunturu ma yana tausasa rana, sai dai yana barin ƙura a kan ganye, wadda take fitowa ƙarara a hoton kusa, don haka a hure ta a hankali tukuna. Idan ya zama dole a ɗauka cikin rana, a sa wani ya riƙe farin mayafi mai shara-shara tsakanin ranar da furen, a kuma ajiye farar takarda ta ƙasa domin ta mayar da haske cikin inuwa. Filashar kyamara kuwa a kashe ta.

Idan an matso kusa, wurin da yake fitowa tar bai wuce 'yan milimita ba, shi ya sa dole a zaɓi inda za a saita ido: ko dai murɗin da ke tsakiyar furen, ko bakin ganyen da ya fi kusa. Buɗewar ƙofar da haske yake shiga kyamara, idan aka sa ta a f/8 zuwa f/11, tana fito da yawancin furen tar, saurin ɗauka na 1/250 na daƙiƙa kuma yana tsayar da rawar da iska take sa reshe, ko da za a ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 400 ko 800. Mai waya kada ya cusa ta cikin furen, ya ja baya kaɗan ya yi amfani da 2x, wato zuƙowa ninki biyu.

Kafin a danna, a dubi bayan furen. Koren ganye mai duhu da ke nesa yana fito da ja sosai, bango mai fenti ko igiyar shanya kuwa suna ɗauke hankali. A zaɓi furen da bai gama buɗewa ba, wanda bakinsa bai yi ruwan ƙasa ba, sannan a durƙusa daidai tsayinsa a ɗauke shi ta gefe da ta gaba, maimakon tsayawa a kansa kawai.