Yadda ake amfani da allurar Sin mai lantarki ga ciwon hanji na IBS

Allurar Sin mai lantarki ita ce tsira siraran allurai a wasu gurabe na jiki, a haɗa su da na'urar da ke sakin 'yar wutar lantarki. Kafin a tsira wa kowa allura, sai likita ya tabbatar IBS ne, wato ciwon ciki mai yawan dawowa tare da gudawa ko taurin bayan gida. Ma'aunin Rome IV na 2016, wanda likitoci ke gane IBS da shi, yana neman ciwon ciki aƙalla rana ɗaya a mako tsawon wata 3, tare da sauyin bayan gida. A yi gwajin bayan gida, domin atini da tsutsar ciki kan zo da irin wannan kama. Jini a bayan gida, rama ko zazzaɓi kuwa na asibiti ne. Ba a yin wannan allura ga mai na'urar daidaita bugun zuciya, mai farfaɗiya ko mai juna biyu.

Aikin wanda ya samu horo ne. Allurai su zama sababbi a leda, kauri milimita 0.25 zuwa 0.30, tsawo 25 zuwa 40. Mara lafiya ya ɗan ci abinci, ya kwanta rigingine. Mai jin yunwa ko na zaune shi ya fi saurin jiri da suma.

Ana auna gurbin da za a tsira allura da yatsun mara lafiyar, ba na mai aikin ba. Tianshu (ST25) yana dama da hagun cibiya, nisan faɗin babban yatsa biyu. Zusanli (ST36) yana yatsu huɗu ƙasa da ramin gwiwa na waje, yatsa ɗaya daga ƙashin ƙwauri, Shangjuxu (ST37) kuma yatsu huɗu ƙasa da shi. A goge da sifirit, a tsira, a ɗan murza har ya ce yana jin nauyi ko tsami. A guraben cibiya dai a taƙaita zurfi, musamman ga siriri.

A mayar da maɓallin ƙarfin na'urar sifili kafin a maƙala waya a jikin allurai. Tagwayen waya guda a kan Tianshu biyu, wasu tsakanin Zusanli da Shangjuxu na ƙafa ɗaya. Kada wuta ta ratsa ƙirji. A sa bugu 2 a daƙiƙa, ko mai sauyawa tsakanin 2 da 15, a ɗaga ƙarfin wutar a hankali har allura ta fara rawa ba tare da zafi ba. Sau da yawa miliamfiya (ma'aunin ƙarfin wutar) 1 zuwa 2 ta isa. Bayan 'yan mintuna jiki kan saba, sai a ɗan ƙara. Ɗagawa farat ɗaya kan sa tsoka ta ɗame ta lanƙwasa allura. Idan ta maƙale, a kashe na'ura, a shafa gefen har ta saki. Minti 20 zuwa 30, sau 3 a mako, mako 4 zuwa 6.

Nazarin 2012 na Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, bai ga allurar gaske ta fi ta kwaikwayo (ta bogi da ake yi don gwaji) ba, ko da yake a wasu gwaje-gwajen ƙasar Sin ta fi magungunan da aka gwada ta da su. Don haka kada a ajiye maganin likita. A riƙa rubuta ƙarfin ciwo da yawan fita bayan gida kullum; idan mako 4 ya wuce ba sauyi, a dakatar.