An cire wa jariri yanar ido: inda iyaye suka fi yin tuntuɓe

Ranar da aka sallami ɗan ƙanwata bayan aikin ido, gidanmu a Gwammaja har sadakar waina aka yi. Kowa na cewa an gama. Ashe a ranar aka fara.

Abin da likita ke cirewa idan an haifi yaro da yana shi ne madubin da ke cikin idon, wanda ke tattara haske. Fari ya tafi, haske na shiga, amma komai dishi-dishi yaron ke gani. Ƙwaƙwalwar jariri kuwa koyon gani take yi a watannin farko; idan ba ta samu hoto mai kyau daga ido ba, sai ta yi watsi da shi. Shi ya sa likitoci ke son a yi aikin kafin mako 6 idan ido ɗaya ne, kafin wajen mako 10 idan biyu ne. Babban kuskure shi ne a yi wannan gaggawar, sannan a yi wata uku ba a sa wa yaron abin da zai maye gurbin madubin ba.

Abubuwa uku ne ke maye gurbinsa: tabarau mai kauri, ko ɗan gilashi mai laushi da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, ko madubin roba da ake dasawa a ciki. Iyaye da yawa na nacewa a kan na ukun, don sun ga haka aka yi wa Kaka ta warke. Idon Kaka ya gama girma, na jariri kuwa cikin shekara biyun farko yake girma da sauri, ƙarfin da ya dace yau ba zai dace baɗi ba. Ga ’yan ƙasa da wata 6 ko 7, dashen kan jawo ƙarin komawa ɗakin tiyata, don haka sau da yawa ana jinkirta shi. Idan likita ya ce a jira, ba rowa ba ce. Ko an dasa ma, galibi sai an haɗa da tabarau.

Tabarau shi ne inda aka fi shan fama. Kakar yaron ta dube shi ta ce, “Haba, jinjiri da gilashi sai ka ce alƙali? Ku cire masa, ga baƙi nan.” Aka cire, aka ajiye a kan firij, har magariba. A’a, Hajiya. Muddin idonsa biyu, tabarau na fuskarsa, sai wanka da barci. A nemi mai firam ɗin roba da igiya ta bayan ƙeya, a riƙa goge shi, don nono da yawu da ɗan yatsa ba sa barinsa. Idan ya karye, kada a je Sabon Gari a sayo na tebur. Gilashin karatu da ake tallansa bai cika wuce lamba 3 ko 4 ba, jaririn nan kuwa nasa kan kai 20 ko fiye. A koma inda aka auna shi, ko asibitin ido na ECWA ne, ko Malam Aminu Kano, ko wani.

Idan ido ɗaya aka yi wa aiki, na ɗorawa a ƙwayar ido ya fi dacewa, saboda tabarau mai kauri a gefe guda na sa hoton idanun biyu ya sha bamban a girma. Sai dai yana son wanke hannu da sabulu kafin a taɓa shi, kuma ruwan famfo ko na rijiya ba ya wanke shi, sai ruwan da aka yi dominsa. Ga ƙurar hunturun Kano. Uwar da ta san ba za ta iya ba, gara ta faɗa wa likita gaskiya tun farko.

Sai rufe ido. Na ga uwa ta manna filasta a kan idon da aka yi wa aiki, wai tana kare shi. Lafiyayyen ake rufewa, na awannin da likita ya ƙayyade, don a tilasta wa mai raunin aiki. Yaro zai yi kuka, zai fizge. A ɗauke masa hankali da wasa, a sake mannawa. Abin kan ɗauki shekaru, wani har ya shiga firamare.

Kwalli, ɗiga nono a ido, da maganin ɗigawa na kemis: a bar su. Wanda likita ya rubuta kuma kada a tsayar don jan ido ya tafi.

Ranar komawa asibiti ba ta tsallakuwa, ko da ido ya yi garau. Ana sake awo a canza lamba, ana duba ko wata yana ta sake rufe hanyar haske, ana kuma duba hawan jinin ido, wato matsin ruwan cikin ido ya yi yawa, wanda kan iya ɓullowa ko bayan shekaru. Idan kuka ga ido na yawan hawaye, yaro na gudun haske, baƙin idon ya yi hazo ko ya fi ɗan’uwansa girma, kada ku jira ranar da aka rubuta a kati, ku kai shi a ranar.