Yadda za ka gane ko tallafin gwamnati zai sa ka sayi gidan da ya fi ƙarfinka

Yawancin tallafin da gwamnatoci ke ba masu sayen gida kuɗin kafin alƙalami yake ragewa. Abin da za ka riƙa biyan banki duk wata yana nan, wani lokaci ma ƙaruwa yake, domin wanda ya ajiye kaɗan shi ke cin bashi mai yawa. Don haka ka fara lissafinka kamar babu tallafin.

Da farko ka tantance irinsa: kyauta ce, bashi ne, ko kuwa gwamnati ce ke shiga tarayya da kai a gidan? A Amurka, rangwamen harajin dala 7,500 na shekarar 2008 bashi ne da aka riƙa mayarwa cikin shekara 15, ko da yake babu kuɗin ruwa. Shirin Help to Buy na Ingila, wanda aka fara a 2013 aka kuma rufe a 2023, ya fi wannan sarƙaƙiya. Mai saye ya ajiye kashi 5 cikin ɗari, gwamnati ta ba da rancen kashi 20, banki ya cike sauran. Shekara biyar babu ruwa a kan rancen gwamnatin, a ta shida sai ruwan kashi 1.75 ya fara, yana hawa duk shekara, kuma biyansa ba ya rage uwar kuɗin. Wurin da mutane ke tuntuɓe shi ne ranar biya: kashi 20 na darajar gidan a ranar ake karɓa. Gidan fam 200,000 da aka ba ka fam 40,000 a kansa, idan ya kai fam 250,000, fam 50,000 za ka mayar.

Sai ka gwada kanka da ruwan da ya fi na yau. Bashin 200,000 na shekara 30 a kan ruwan kashi 5, biyansa kusan 1,074 ne a wata. Idan ruwan ya koma kashi 7, sai ya zama kusan 1,331. A Kanada bankuna na auna mai neman rance da ƙarin kashi 2 a kan ruwan da suka yanka masa. Kai ma ka yi wa kanka haka, musamman idan ruwan rancenka mai sauyawa ne. Rance mai sauƙin ruwa a shekara biyun farko, wanda ke tashi daga baya, yana cikin abin da ya raba ɗimbin Amurkawa da gidajensu a rikicin 2008.

Wannan adadi na biyu, wato biyan wata idan ruwan ya hau, ka haɗa shi da harajin gida da inshora. Ma'aunin da masu ba da rance suka daɗe suna amfani da shi shi ne kada jimlar ta wuce kashi 28 na abin da kake samu a wata kafin haraji, kada kuma duka basussukanka su wuce kashi 36. Ka ware kusan kashi 1 na kuɗin gidan duk shekara don gyara, tunda yanzu babu mai gidan da za ka kira idan rufi ya yi yoyo.

Ƙaramin kafin alƙalami ma da nasa caji. Rancen FHA na Amurka, wanda hukumar gidaje ta gwamnati ke tsaya masa, na karɓar kafin alƙalamin kashi 3.5, amma akwai inshorar kashi 1.75 tun farko da wata ta shekara-shekara, kuma banki take karewa idan ka gaza biya.

Batun farashi shi ne aka fi mantawa. Inda gidaje suka yi ƙaranci, idan kowa ya samu tallafi lokaci guda, masu sayarwa ɗaga farashi suke yi, wani ɓangare na tallafin ya ƙare a aljihunsu. Abin ya fi tsanani idan shirin sababbin gidaje kaɗai ya shafa, kamar Help to Buy. Nemi farashin da aka sayar da tsofaffin gidaje masu girma ɗaya a unguwar cikin shekarar da ta wuce. Idan ratar ta kusa kai yawan tallafin, magini ne ya ci riba.

Ga haɗarin: ka ajiye kashi 5 a gidan 200,000, farashi ya faɗi da kashi 10. Gidan ya koma 180,000, banki na bin ka kusan 190,000. Ko ka sayar ba ka fita ba. Saboda haka wanda aiki zai iya ɗauke shi daga garin cikin shekara biyar, ko wanda sayen zai cinye ajiyarsa har bai bar kuɗin biyan wata shida ba, gara ya nemi ƙaramin gida ko ya ci gaba da haya tukuna.