Matakan Tsare Intanet ɗin Gida Domin Kare Makullin Ƙofa na Zamani

Idan makullin ƙofarka irin na zamani ne da ke haɗe da intanet ɗin gida, tsare intanet ɗin yana cikin kare makullin. Da farko, ka shiga saitin rauta, na'urar da ke rarraba intanet a gidan, ka sauya kalmar sirrin da ta zo da ita, domin yawanci tana rubuce a bayan na'urar, inda duk wanda ya zauna a falo zai iya karanta ta. Daga nan, a cikin saitin, ka zaɓi tsarin tsaron da ake kira WPA3, ko WPA2 idan rautar tsohuwa ce, ka kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura da rauta ba tare da rubuta kalmar sirri ba.

Mataki na uku ya fi muhimmanci a gidajenmu na Sakkwato, inda baƙi ba sa yankewa: ka buɗe musu layin intanet nasu daban a rautar, kada wayoyinsu su hau layin da makullin yake. Sannan ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a manhajar makullin, wato a nemi ƙarin shaida, kamar lambar da za a turo wayarka, bayan kalmar sirri, kuma ka riƙa sabunta manhajar rautar da zarar sabuwa ta fito.