Wasiƙa da iyali: kurakuran da sababbin masu binciken kimiyya suka fi yi

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina bincike a kan ƙwarin da ke cin wake, kuma a tsawon wannan lokaci ɗalibai da ƙananan malamai masu yawa sun ratsa ta hannuna. Na zauna rubuta wannan ne saboda na gaji da ganin yaro mai kaifin basira, wanda ya iya aikinsa a gona da ɗakin gwaje-gwaje, yana faɗawa ramin da na faɗa tun ina sabon shiga. Awo da lissafi ana koyar da su a aji, don haka ba kasafai suke ba su wahala ba. Inda suke tuntuɓe wurare biyu ne da babu mai koyar da su: wasiƙun da suke rubutawa kullum, da gidan da suke komawa da yamma.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙulla yarjejeniyar aiki da baki, ba tare da an bi ta da wasiƙa ba. Ina shekara ta huɗu da kama aiki, na kwashe damina biyu ina ƙirga tsutsar nan mai huda fure da kwanson wake, wadda masana ke kira Maruca, a gonakin gwaji uku. Wanda ya taɓa yin aikin ya san wahalarsa. Da sassafe ake fita, raɓa na jiƙa wando har gwiwa, a tsinko fure ashirin-ashirin daga kowane fili a zuba a ƙananan kwalabe, sannan a dawo a yi ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma har idanu su yi ja. Wata rana muna cikin mota a hanyar dawowa daga gona, wani babban abokin aiki ya ce in ba shi alƙalumana ya haɗa da nasa mu fitar da maƙala tare, sunana na biyu. Ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma tarbiyyar da aka yi mana ba ta bari yaro ya ce wa babba a rubuta a sa hannu. Na kwafe masa komai a faifai na miƙa masa da hannu biyu. Bayan shekara ɗaya da rabi maƙalar ta fito da sunaye huɗu, nawa kuwa yana can ƙasa a layin godiya. Da na kai kuka wurin shugaban sashe, tambaya ɗaya ya yi mini: “Kana da takarda?” Ba ni da ko layi ɗaya. Da lokacin ƙarin girma ya zo, maƙala ɗaya ce ta rage mini, dole na jira zagaye na gaba.

Har yau idan na tuna raina yana ɓaci, kuma ya fi ɓaci idan na ga ɗalibina yana tura alƙaluman kundinsa ta WhatsApp ga mutumin da suka haɗu jiya a wurin taro. Ku daina wannan, don Allah. Kunya tana da wurinta a gaban manya, amma ba a kan gumin damina biyu ba. Abin da nake yi tun daga lokacin shi ne, duk wanda muka yi maganar aiki da shi, ko a mota ne ko a ƙofar masallaci, ba na kwanciya a ranar sai na aika masa imel mai ladabi wanda ya fara da “kamar yadda muka tattauna yau”. A ciki ina faɗin wanda zai yi me, wanda ke riƙe da alƙaluma, yadda za a jera sunaye, da ranar da za a ga rubutun farko. Babu babban da ya taɓa jin haushin irin wannan wasiƙa sai wanda dama yake da wata manufa, kuma gara a gane shi tun kafin a miƙa masa komai.

Wannan ba sabon darasi ba ne. Ko mutum ya yarda da ra'ayoyin Charles Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, ko bai yarda ba, yadda ya riƙe wasiƙunsa abin dubawa ne, domin fiye da 15,000 daga cikinsu sun tsira, tsakaninsa da mutane kusan 2,000, manoma da masu kiwon tantabara da likitoci da malaman jami'a. A watan Yuni na 1858 saƙo ya iso masa daga wani masanin halittu, Alfred Russel Wallace, wanda ke tsibirin Ternate a ƙasar da ake kira Indunisiya yanzu, ɗauke da ra'ayi kan yadda jinsunan halittu ke sauyawa a tsawon zamani, kusan iri ɗaya da wanda shi Darwin ya shekara ashirin yana aiki a kai bai buga ba. Cikin abubuwan da suka tabbatar da cewa ya riga ya kai ga ra'ayin har da kwafin wasiƙar da ya aika wa Asa Gray, masanin tsirrai na Amurka, a ranar 5 ga Satumba 1857. Wannan kwafi da wani rubutunsa na 1844 su aka karanta tare da na Wallace a taron ƙungiyar masana halittu ta Linnean da ke Landan ranar 1 ga Yuli 1858. Shi ma Darwin ya yi nasa kuskuren, domin kafin 1862 yakan tara wasiƙun da aka aiko masa a jikin tsinken ƙarfe, idan tsinkayen sun cika ya ƙone tsofaffi. Wasiƙar Wallace ɗin kanta ba a same ta ba har yau. Saboda haka ni muhimmiyar wasiƙa ina ajiye ta wuri uku: a akwatin imel na ofis, a nawa na kaina, da kuma bugu a takarda cikin fayil, domin adireshin ofis yakan rufe ranar da mutum ya bar aiki, kwamfuta kuma takan mutu ba sallama.

Na biye da wannan shi ne jinkirin amsa. Yawancinku kuna ajiye wasiƙa ne saboda kuna son ku ba da cikakkiyar amsa, sai mako ya zama wata, kunya ta shigo, a ƙarshe a yi shiru gaba ɗaya. Layi biyu sun isa: na samu saƙonka, zan aiko da amsa ranar Alhamis. Ƙa'idata kwana biyu ce. Haka kuma wasiƙar farko zuwa ga masanin da bai san ka ba, kada ka cika ta da yabo da labarin talauci. Lokacin da Srinivasa Ramanujan, akawu a ofishin tashar jiragen ruwa ta Madras, ya rubuta wa G. H. Hardy, masanin lissafi na jami'ar Kambirij, a watan Janairu 1913, shafuka ya cika da sakamakon lissafinsa, kuma su ne suka sa Hardy ya amsa. Ka nuna abin da ka yi, ka faɗi wace maƙalarsa ka karanta, ka roƙi abu ɗaya tak.

Sauran ƙanana ne, amma kullum sai na gan su. Kan wasiƙa ya faɗi abin da ke ciki, a daina rubuta “Gaisuwa” ko “Gaggawa”. Baƙon ƙasar waje layi ɗaya na gaisuwa ya ishe shi, malaminka na gida kuwa kada ka faɗa masa da buƙata babu sallama babu tambayar iyali. A duba sunan mutum harafi bayan harafi, a kuma tabbatar ko mace ce ko namiji kafin a zaɓi laƙabi. Adireshin imel mai ɗauke da sunan wasa na samartaka a bar shi ga abokai. Alƙaluma da ranaku ba a tura su da saƙon murya, domin ba a iya nemo su bayan wata shida. Wanda ke son in rubuta masa takardar shaida ya ba ni mako uku, wanda ya zo saura kwana biyu wa'adi ya cika ba na yi. Idan mujalla ta dawo da maƙala da sharhi mai zafi, amsar da aka rubuta a ranar ta kwana uku kafin a aika, kuma galibi za a ga rabinta ya kamata a goge. Mujallar da ta rubuto tana kambama ka, tana alƙawarin bugawa cikin mako guda idan ka biya, kada ka amsa mata.

Yanzu sai maganar gida, kuma a nan ne zan fi ɗaga murya, domin abin da na kusa rasawa ya fi maƙala. Aikin wake a arewa yana kamawa ne daga shuka a watan Yuli zuwa girbi a Oktoba, kuma lokacin da wake ke fure, wato Agusta da Satumba, shi ne lokacin da mai ƙirga tsutsa ba ya iya barin gona. Shi ne kuma lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara. Wata shekara zan tafi gonar gwaji mai nisa na kwana goma, na ce wa uwargida kada a neme ni sai in abu ya yi tsanani. Ban bar mata lambar kowa ba, wurin kuma waya ba ta kamawa sai an hau tudu. 'Yarmu mai shekara uku ta fara zazzaɓi a kwana na biyu. Uwarta ta yi ta auna maganata, tana cewa bari a ga gobe, kada a katse masa aiki. Ranar da na dawo ban tarar da kowa a gida ba, maƙwabci ne ya ce in wuce asibiti. Na same ta an ɗaura mata ƙarin jini, tafin hannunta fari fat, ƙanin matata ne ya ba da jinin. Allah ya tashi kafaɗunta, yanzu ta girma, amma laifin nawa ne, domin ni na ɗora wa matata nauyin tantance abin da ya kai a kira ni a kansa, alhali bai kamata a ce akwai irin wannan tantancewar ba.

Ina jin samari yanzu suna faɗin wannan magana da alfahari, wai sun hana a dame su har sai sun gama kundi. Wane kundi ne ya fi ɗanka? Ranar da aka karanta takardun nan a Landan, Darwin bai je ba, domin ƙaramin ɗansa mai wata goma sha takwas ya rasu ranar 28 ga Yuni, ya bar wa abokansa Lyell da Hooker lamarin. A gidansa na ƙauyen Down kuwa, inda ya zauna tun 1842 da matarsa Emma, kowane abu da lokacinsa: aiki da safe, sannan ya fito falo a karanta wasiƙun dangi a bayyane, amsa wasiƙu kuma bayan abincin rana. Cikin 'ya'yansa goma, waɗanda suka rayu sun taya shi bin sawun ƙudan zuma a lambu, 'yarsa Henrietta ta gyara masa rubutu. Gaskiya ne mai dukiya ne, yana da barori, ba ya shiga aji, ba ya jiran a kawo wuta, don haka ba za mu iya kwaikwayonsa duka ba. Abin da za mu iya ɗauka shi ne iyalinsa sun san abin da yake yi da lokacin da yake yinsa.

Nawa tsarin ke nan, kuma ban ce kowa ya yarda da shi ba. A farkon kowace damina ina manna kalanda a bangon falo, in zagaye ranakun tafiya da jan biro, in zauna da uwargida mu duba inda suka ci karo da suna ko biki ko komawar yara makaranta. Idan ina daji, kullum bayan Magariba sai na hau tudu na kira, kuma tana da lambar direba da ta mai unguwar ƙauyen. Na gaya mata a gaban yara cewa zazzaɓin dare ɗaya ya isa a kira ni. Idan ina gari, wasiƙu ina amsa su ne bayan Asuba na awa ɗaya, da kuma kafin in tashi daga ofis. Daga Magariba zuwa Isha waya tana cikin aljihun rigar da na rataye, domin yaro yana gane uban da jikinsa ke kan tabarma hankalinsa yana kan edita. Ta'aziyya kuwa ba a yin ta da saƙon waya idan ana iya zuwa, ko da bayan kwana bakwai ne, kuma mahaifiya ba a barin ta ta ji labarin tafiyarka ƙasar waje a bakin wani.

Abu na ƙarshe shi ne kuɗin tallafin bincike. Ranar da labari ya bazu cewa ka samu tallafi daga TETFund, asusun gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu, ko wata hukuma ta waje, dangi za su ɗauka rabo ne ya faɗo, kuma kai ka jawo idan ba ka yi bayani ba. Ka zaunar da matarka da babban yayanka tun ranar farko, ka nuna musu takardar kasafin, su ga cewa kowace naira an rubuta abin da za a yi da ita, man mota ne ko kwalabe ko ladan masu aikin gona, kuma za a nemi rasit. Na ga ƙaramin malami ya ciri kuɗin feshi ya yi hidimar auren ƙanwarsa da niyyar zai mayar idan an biya albashi. Albashi ya makara, lokacin feshi ya wuce, tsutsa ta cinye har filayen da ya kamata a kare don a kwatanta da sauran, gwajin shekarar ya lalace, kuma ni aka sa na taya shi rubuta wasiƙar bayani ga waɗanda suka ba da kuɗin.